DOKAR KARE MUHALLI: TAKOBI NA CIKIN KUBE, RUWA NA TA ƁACI



Maudu'in wannan zama shi ne dokar kare muhalli ta ƙasa, da irin ikon da ta bai wa hukuma na hana gurɓata ruwa da iska da ƙasa. La'alla wani ya ce a ransa, to wannan ai magana ce ta lauyoyi da 'yan boko, me ya haɗa ta da mai noman rani a gefen dam, ko mai goya injin feshi yana bin gonakin mutane ana biyansa, ko mai loda wa tifa yashi a cikin kogi? Amsa ita ce, babu wanda maganar ta shafa kamar su. Lauya in ruwa ya ɓaci, na gora zai saya. Wanda yake tsugunawa a bakin rafi ya kamfata da hannu ya sha, ya yi alwala, ya ɗiba ya kai wa mahaifiyarsa ta ɗora girki, shi ne ba shi da wani zaɓi. Saboda haka ya zama tilas ya san abin da doka ta ce, ya san wa aka ɗanka wa ita, ya san inda take da haƙora da inda take da giɓi, ya kuma san cewa shi kansa tana iya hawa kansa.

INA GWARZO DA KABO SUKE A HANYAR RUWA?

Kafin a shiga dokar, a fara duba ƙasa. Mafi yawan ruwan saman da yake sauka a Getso da Kutama da Lakwaya, da wanda yake sauka a Garo da Gude da Durun, ba a nan yake kwana ba. Yana bin kwazazzabai da ƙoramu ya faɗa rafuka irin su Magaga da Guzuguzu, waɗanda aka yi madatsun ruwa a kansu, daga nan ya gangara kogin Challawa. Shi kuwa Challawa an datse shi a ƙasar Ƙaraye maƙwabciya, da babban dam ɗin da aka kammala a 1992, wanda a duk Jihar Kano babu wanda ya fi shi girma sai na Tiga. Kogin ya miƙa gabas, ya wuce ta Fanshekara inda matatar ruwa ta Challawa take, ya haɗu da kogin Kano a wajajen Tamburawa su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil, ya shiga Jigawa, ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya bi kogin Yobe ya nufi tafkin Chadi.

Abin nufi shi ne, mutumin Gwarzo da mutumin Kabo a saman ruwa suke zaune. Abin da suka zuba a rafi da safe, wani ne zai sha shi can ƙasa, wanda bai san su ba, su ma ba su san shi ba. Wannan amana ce babba. Kuma saboda kogi irin wannan yana ratsa jiha fiye da ɗaya, dokar soja mai lamba 101 ta 1993 ta sanya ikon kula da irinsa a hannun Gwamnatin Tarayya, tare da cewa ta bar wa kowa haƙƙinsa na ya ɗebi na sha da na amfanin gida, ya shayar da dabbobinsa, ya yi kamun kifi, ya yi ban-ruwa a gonarsa. Wato tun daga bakin rafi an riga an shiga hurumin dokar ƙasa, ko mutum ya sani ko bai sani ba.

YADDA AKA HAIFI DOKAR

Ba wai kafin nan babu komai ba ne. A gargajiyance akwai Sarkin Ruwa mai cewa yau a yi su, gobe kar a yi. Akwai Sarkin Fawa mai lura da mahauta. A zamanin En'e akwai duba-gari, wanda dattawa har yau suna ba da labarin yadda yake shiga gida ya leƙa randa da makwarara. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ita ma ta sanya ɓata ruwan da jama'a ke sha a cikin laifuffuka. Amma doka guda ta ƙasa baki ɗaya, da hukuma guda mai kula da muhalli, wannan kam babu, har sai da musiba ta auku.

Tsakanin 1987 da 1988, wasu 'yan kasuwa daga ƙasar Italiya suka yi ta shigo da jiragen ruwa wata ƙaramar tasha mai suna Koko, a Jihar Bendel ta wancan lokaci, wadda yanzu take cikin Jihar Delta. Suka sauke dubban gangunan ƙarfe cike da dagwalon masana'antu mai guba, kusan tan 4,000, suka jibge a filin wani bawan Allah, suna biyansa kimanin dala 100 a wata kuɗin haya, shi kuwa bai san ainihin abin da aka ajiye masa ba. Rana ta yi ta dukan gangunan, ruwa ya yi ta dukansu, suka kumbura suka fara yoyo. Ɗaliban Nijeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a can, suka sanar da jaridun gida, asiri ya tonu a tsakiyar 1988.

A lura da kyau, matasa ne suka tona. Ba wani babban jami'i ba ne.

Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kira jakadanta daga birnin Rum, ta tsare wani jirgin ruwan Italiya, ta tilasta aka kwashe gubar. Ma'aikatan da suka yi aikin kwasar wasunsu sun ƙone, wasu sun kwanta ciwo. Ɗaya daga cikin jiragen da suka ɗauki kayan, mai suna Karin B, ya yi ta yawo a teku, ƙasashen Turai ɗaya bayan ɗaya suna hana shi tsayawa a tashoshinsu, kafin daga baya ya koma Italiya. Wanzami ba ya son jarfa. Abin da suka ƙi ya kusanci gaɓar tekunsu, shi aka ajiye a bayan gidan talakan Koko.

To, da mahukunta suka zo hukunta masu laifi, sai suka tarar babu wata doka tsayayya da ta dace da girman ɓarnar. Nan take a cikin 1988 aka yi dokar soja mai lamba 42, wadda ta ce duk wanda ya shigo da dagwalo mai cutarwa, ko ya ɗauka, ko ya jibge, ko ya saya, ko ya sayar ba bisa izini ba, hukuncinsa ɗaurin rai-da-rai ne, kuma a ƙwace abin da aka yi dakon da shi, da filin da aka jibge a kai. A ƙarshen shekarar aka yi mai lamba 58, wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin da suka iyakance irin ruwan dagwalon da masana'anta za ta saki. A 1992 aka yi mai lamba 86, wadda ta wajabta binciken illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi. A duniya ma abin ya yi tasiri, domin a 1989 aka ƙulla yarjejeniyar Basel kan safarar dagwalo tsakanin ƙasashe, a 1991 kuma ƙasashen Afirka suka ƙulla tasu a Bamako, wadda ta haramta shigo da shi nahiyar.

IKON DA AKA BAI WA HUKUMA

FEPA ba ta nan yanzu. A 1999 aka narkar da ita cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, a 2007 kuma, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, aka soke dokarta aka kafa hukumar NESREA, wadda ita ce take riƙe da takobin a yau, kuma tana da ofis a Kano.

Mene ne a hannunta? Jami'inta yana da ikon ya shiga masana'anta ko wurin aiki ya bincika, ya ɗebi samfurin ruwa ko ƙasa ya kai ɗakin gwaji, ya buƙaci a nuna masa takardu, ya kama kayan da yake zargin an karya doka da su. Hukumar tana da ikon ta samo umarnin kotu ta dakatar da aiki, ta garƙame wuri. Tana da ikon ta gurfanar da mai laifi, kuma dokar ta ba ta damar ta haɗa kai da ɓangaren shari'a a kafa kotunan tafi-da-gidanka. Sashe na 27 na dokar ya haramta sakin abu mai guba cikin iska ko ƙasa ko ruwa, kuma kamar yadda aka zartar da shi a 2007, ya tanadi tarar da ta kai naira miliyan 1 ko ɗaurin da ya kai shekara 5, kamfani kuma bayan tarar ana ƙara masa naira 50,000 a kan kowace ranar da ya ci gaba da laifin. A 2018 aka yi wa dokar gyaran fuska, aka ƙara nauyin hukunci, aka kuma ba da damar yin bincike ba sai an jira takardar izinin kotu ba.

Bayan uwar dokar, akwai ƙa'idoji da Ministan Muhalli yake fitarwa a ƙarƙashinta, kuma suna da ƙarfin doka. A 2009 an fitar da na tsafta da zubar da shara, da na masaƙu da kamfanonin jima, da na haƙar ma'adinai, da na kare bakin kogi da fadama, har da na ƙara mai damun jama'a. A 2011 an fitar da na ƙona daji, da na kwararowar hamada, da na ingancin ruwan sama-da-ƙasa da na ƙarƙashin ƙasa. A 2013 an fitar da na fasa dutse. A 2014 an fitar da na sinadarai masu haɗari da magungunan feshi. Ɗan'uwa ya duba wannan jeri da kyau, zai ga kusan babu wata sana'a ta ƙauye da ba a taɓo ba.

Ita kuwa dokar 1992 ta binciken illa, tana nan tana aiki, kuma ita ce ta fi ba talaka bakin magana. Kafin a yi babban dam, ko babbar hanya, ko babbar masana'anta, ko babban wurin haƙar ma'adinai, sai an yi bincike an rubuta rahoto, an baje shi a bainar jama'a na kwanakin aiki 21, domin waɗanda abin zai shafa su karanta su faɗi ra'ayinsu. Ma'ana, in aka wayi gari aka ga katafila tana share daji a bayan gari domin wani babban aiki, mutanen garin suna da haƙƙin su tambaya: ina rahoton, kuma yaushe aka baje shi?

INDA DOKAR TAKE DA GIƁI

Duk wanda ya ji wannan zai ce ai shi ke nan, an gama. Ina! Da doka a takarda tana tsarkake ruwa, da babu ruwan da ya kai na ƙasar nan tsarki.

Giɓi na farko yana cikin tsarin mulki kansa. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati nauyin kare muhalli da inganta shi, da kiyaye ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa. Amma an ajiye shi ne a babi na biyu, sashe na 6 kuma ya hana kotu ta tuhumi gwamnati a kan ko ta cika abin da ke wannan babi ko ba ta cika ba. Wato an ba da da hannun dama, an karɓe da na hagu. Sai dai masu neman haƙƙi sun samo wata ƙofa. A 2005, Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke wa mutanen Iwherekan na Jihar Delta hukunci a kan kamfanin Shell da NNPC, cewa ƙona iskar gas a kusa da gidajensu tauye haƙƙinsu ne na rayuwa, duk da cewa ba a ga an aiwatar da hukuncin yadda ya kamata ba. A 2018 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa ƙungiya mai zaman kanta tana da hurumin ta kai ƙara a kan gurɓata ruwan jama'a, ko da ba ita ce mai shan ruwan ba. Wannan ƙofa tana nan a buɗe ga mutumin Arewa kamar yadda take ga mutumin Kudu.

Giɓi na biyu shi ne rarrabuwar iko. Harkar man fetur an cire ta daga hannun NESREA, malalarsa tana hannun wata hukuma, NOSDRA, da aka kafa a 2006. Ƙasa tana hannun Gwamna bisa dokar mallakar ƙasa ta 1978. Ma'adinan da ke cikin ƙasar na Tarayya ne. Magungunan feshi rajistarsu tana hannun NAFDAC. Jiha tana da Ma'aikatar Muhalli, da hukumar kwashe shara ta REMASAB. Shara da bayan-gida na jama'a da mahauta da kasuwanni kuwa, tsarin mulki ya lissafa su cikin ayyukan ƙaramar hukuma. To idan rami guda ya haɗa ƙasa da ma'adini da ruwa, wa za a kama? Kowa sai ya nuna ɗan'uwansa. Akuyar mutane da yawa, a rana take kwana.

Giɓi na uku shi ne kuɗi sun lalace, tara ta tsaya a inda take. Dokar 1992 ta ce mutumin da ya ƙi yin binciken illa a ci shi tarar naira 100,000 ko ɗaurin shekara 5. A wancan lokaci kuɗi ne masu tsoratarwa. A yau ba su kai kuɗin saniya ɗaya ba. Idan gina wurin tace dagwalo ya fi tara tsada ninkin-ba-ninkin, mai son zuciya ya san wanda zai zaɓa.

Giɓi na huɗu shi ne nisa. Ofis yana birni, ɓarna tana ƙauye. Jami'i ba ya duba, ba ya sanin gaibu. In ba a kai masa labari ba, ba zai zo ba.

ABIN DA YA FARU A ZAMFARA DA ABIN DA KE FARUWA A BIRNI

Domin a gane cewa giɓin nan rayuka yake ci, a tuna da 2010. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, matasa suna haƙo dutsen zinare su kawo cikin gida, a daka, a niƙa, wani lokaci da injin da ake niƙa hatsi. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, yara masu rarrafe suna sa hannu a baka. Sai ga yara suna jijjiga suna mutuwa, ana cewa zazzaɓi ne, ana cewa iska ce, har likitocin ƙungiyar MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu, wasu ƙwaƙwalwarsu ta taɓu har abada. Alhali kuwa ƙa'idojin haƙar ma'adinai an fitar da su tun 2009, shekara guda kafin nan. Garin Bagega bai samu an kwashe masa gurɓatacciyar ƙasa ba sai a 2013, bayan an yi ta kiraye-kiraye kafin a saki kuɗin. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Duk matashin da yake tafiya ci-rani wurin haƙar zinare, ya sani cewa ƙurar da ke jikin rigarsa da takalminsa tana iya zama ajalin ƙaninsa ko ɗansa in ya shigo da ita gida.

A birnin Kano kuma, jima sana'a ce ta kaka da kakanni, kuma majeman dā da bagaruwa suke yi. Kamfanonin zamani da sinadarin kuromiyam suke yi. Dagwalon Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, na Sharaɗa yana bin Salanta, na rukunin masana'antun Challawa yana faɗawa kogin Challawa. Binciken masana a jami'o'in ƙasar nan, ciki har da Jami'ar Bayero, ya sha nuna ƙarafa masu guba a waɗannan ruwaye da ƙasar da ake ban-ruwa da su. Da wannan ruwan ake noman latas da kabeji da alayyafo, a kai kasuwa. Ƙa'idar da ta ce kowace masana'anta ta tace dagwalonta kafin ta saki tana nan tun 1991. Yaron da aka haifa a shekarar yanzu magidanci ne.

GUBAR DA KE HANNUN MATASHI

To amma adalci shi ne, in an nuna wa wani yatsa ɗaya, a duba ina sauran suke kallo. A ƙasar Gwarzo da Kabo babu rukunin kamfanonin jima. Gubar da ke nan, mafi yawanta a cikin kwalba take, a hannun 'yan gari.

Ga mai feshi nan, babu takunkumi, babu safar hannu, babu takalmi, yana gauraya magani da hannunsa. In ya gama ya gangara bakin dam ya wanke injin, ya jefar da kwalbar, yaro ya tsinta ya ɗauraye ya zuba ruwan sha ko man gyaɗa. Ga mai son kifin banza, ya tsiyaya gamalin ko wani maganin ƙwari a gurbi, kifi babba da ƙarami su taso, ya kwashe ya kai kasuwa, makiyayi ya zo da yamma ya shayar da shanunsa a wurin. Wannan laifi ne tun a dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa mai lamba 108 ta 1992, sinadarin gamalin kuma yana cikin waɗanda NAFDAC ta haramta. Ga mai ajiyar wake, ya yayyafa masa fiya-fiya ya ɗinke buhu. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015, saboda yawan maganin da aka samu a jikinsa. Su sun gwada sun ƙi. Wanda ya rage a gida, wa ya ci shi? An yi ƙosai da alala da shi, an sayar wa 'yan makaranta.

Ga masu yashi suna cin gaɓar kogi har gonar mutum ta rufta. Ga masu kunna wa daji wuta saboda gafiya. Ga leda ta toshe kwalbati, ruwa ya rasa hanya ya shiga gidajen ƙasa. Ga bahaya a fili, ruwan farko ya kwashe ya kai rafi da rijiya. A 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 3,500, kuma Kano tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Wannan ba Bature ne ya kawo shi a jirgin ruwa ba.

Ba a jahilci cewa talauci ne yake tura da yawa cikin waɗannan ayyuka ba. Matashi bai sami aiki ba, ga iyaye, ga aure yana so. Amma wanda zai sha ruwan shi ma talaka ne. Yunwar wani ba ta halatta masa ya sa wa maƙwabcinsa guba a randa, kuma rafi randa ce ta mutane da yawa.

TO MENE NE ABIN YI?

Na farko, matashi ya fara da hannunsa. Mai feshi ya rufe hanci da baki da jiki, ya karanta abin da ke jikin kwalba ko ya sa a karanta masa, ya duba lambar NAFDAC, ya wanke injinsa nesa da ruwan jama'a, ya huda kwalbar da ta ƙare domin kar wani ya sake amfani da ita. Mai wake ya koma ga buhu mai leda biyu a ciki wanda ba ya shan iska, ko duro mai murfi, ƙwaro zai mutu ba tare da digon magani ba. Mai zuwa haƙar zinare kar ya kawo dutse gida, ya yi wanka ya sauya kaya tun a can.

Na biyu, in an ga ɓarna a rubuta ta. Wace rana, a wane wuri, wane irin launi ruwan ya koma, kifi nawa ya mutu, dabbar wa ta faɗi. Yau kusan kowane matashi da waya mai ɗaukar hoto a aljihunsa. Ɗaliban da suka tona asirin Koko ba su da ko ɗaya daga cikin wannan.

Na uku, a bi ƙofa. A fara da mai unguwa da dagaci da hakimi, da sashen lafiya da tsafta na ƙaramar hukuma. In abin ya fi ƙarfinsu, a rubuta takardar koke zuwa Ma'aikatar Muhalli ta jiha da ofishin NESREA a Kano, mutane da yawa su sa hannu, a riƙe kwafi wanda aka buga wa hatimin karɓa. Maganar baka iska take bi, takarda mai hatimi ita take zama hujja. Akwai kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta wajabta wa ma'aikatar Tarayya ta amsa buƙatar bayani cikin kwana 7. Da ita ana iya tambayar ko wani aiki yana da izini, ko an yi masa binciken illa.

Na huɗu, kar a ɗauki doka a hannu. Wanda ya je ya ƙona tifa ko ya fasa injin wani, ya mayar da mai laifi mai ƙara, shi kuma ya kwana a caji ofis, ruwan kuma yana nan yadda yake. A tafi a ƙungiyance, da dattawa a gaba, da hujja a hannu, da haƙurin komawa sau biyu, sau uku, sau goma.

'Yan'uwa, tarihin nan da aka bi ya nuna abu guda. Dokar 1988 sai da aka jibge guba a Koko aka yi ta. Kuɗin Bagega sai da aka binne yara aka sake su. Hukuma ta saba da ihu bayan hari. Mutanen da ke zaune a saman kogin Challawa har yanzu ruwansu bai kai ga lalacewar na Jakara ba, dam ɗinsu yana ba da kifi, fadamarsu tana ba da tumatir da albasa. In gemun ɗan'uwa ya kama wuta, mai hankali nasa yake shafa wa ruwa. Takobin yana nan cikin kube, an rubuta shi da sashe da lamba da shekara. Mai riƙe da shi ba zai zare ba sai ya ga akwai masu kallonsa, waɗanda suka san abin da aka rubuta, kuma su kansu hannunsu yana da tsabta.

Allah Ya kiyaye ruwan wannan ƙasa da mutanenta, Ya jiƙan yaran da aka rasa, Ya ba matasa sana'a mai albarka wadda babu cutar da kowa a cikinta.